Rundunar Kyanwoyin Na Allah

Shekarar da ruwa ya ƙi, aka ci jar dawar taimako har kowa ya manta launin tuwon gero, ita ce shekarar da Na Allah ya kafa soja a Garin Danda. Wanda bai san Garin Danda ba, in ya baro Maijirgi ya nufi Tasawa zai hange shi cikin gawuna. Wanda bai san Na Allah ba kuwa, to bai taɓa tsayawa shan ruwa a garin ba, don da ya tsaya, kafin ya ajiye moɗa Na Allah ya riga ya gaya masa ko shi wane ne.

Mai amalanke ne. Jaki ɗaya gare shi, Auraki, kuma jakin nan shi ne gonarsa, shi ne kasuwarsa. Da shi yake ɗebo ruwa, da shi yake kai mata cin kasuwa, da shi A'i matarsa take ɗora tukunya. Amma in yana magana sai ka rantse motoci gare shi. Dalili, yana saurayi ya taɓa zuwa Yamai cin rani, ya ga zaki cikin keji a gidan kallo. Tun daga ranar, ko maganar ciwon haƙori ake yi, sai zakin nan ya shigo.

A lokacin nan soja ke mulki, oda kuwa in ta fito daga Tasawa ba a tambayar ta dalili. Aka ce kowane gida ya kawo irin shukarsa a tara a rumbun tsimi guda, kada yunwa ta sa mutane su cinye shi kafin ruwa ya sauka. Shawara ce mai kyau. Abin da ya ɓata ta, ɓeraye ma sun ji odar. Daji babu ko ƙwaya, sai suka kwaso 'ya'ya da jikoki suka tare a gindin rumbun.

Mai gari Danda ya tara mutane a ƙofar gidansa. Wani ya ce a zuba toka, wani ya ce a ɗana tarko. Na Allah ya bari kowa ya gama, sannan ya miƙe ya gyara hula.

"Allah ya ja zamanin Mai gari, duk wannan maganar ƙauye ce."

"To ai a ƙauyen muke," in ji Gajere mahauci, wanda taubashinsa ne, ba ya raga masa.

Na Allah bai ko dube shi ba. "Jama'a, me ya raba kyanwa da zaki?"

"Girma," in ji wani.

"Abinci! Uwarsu ɗaya, ubansu ɗaya. Shi zaki ɗanyen nama ake jefa masa, jini na ɗiga, da idona na gani. Ku kuwa kun zauna kuna ba kyanwa ƙanzo da ruwan fura kamar tsohuwar da ba ta da haƙori. Ku ba ni kyanwoyin garin nan. Ga shanu can na faɗuwa a daji kyauta. Kafin ruwa ya sauka zan mayar muku da su runduna, ɓeran da ya leƙo ko inuwar rumbun nan, ya yi wasiyya."

Gajere ya ce, "Shi zakin naka, ka taɓa ganin ya kama ɓera?"

"Ɓera ya isa ya je inda yake?"

Mutane suka fara gyaɗa kai, don yunwa tana sa magana mai ƙarfi ta yi daɗin ji. Sai wata murya ta fito daga baya.

"Ni ban ji ba tukuna."

Furera ce. Mijinta ya rasu ya bar mata gona da 'ya'ya, ba ta da namijin da zai zo taro a madadinta, don haka da kanta take zuwa, kuma ba ta komawa sai ta faɗi abin da ya kawo ta. Mace ce da in tana sayen gishiri mai gishirin ke fara gajiya. Tana da kyanwa, Farar Ƙafa, siririya, wadda duk garin an san ba ta kuskuren ɓera.

"Kai Na Allah, dammaina na gero za su shiga rumbun nan. Tafasa na ci da dusa na bar su. In ɓera ya taɓa mini iri, me zan kama?"

"Maganata, Inna Furera."

"Maganarka ba ta ɗauko ruwa daga rijiya. Auraki nake so."

Na Allah ya waiwaya, ya ga idon mutane duk na kansa.

"Na ba da Auraki."

"Da amalanken."

"A'a, jaki dai."

"Jaki ba amalanke, goya shi zan yi?"

"To in ɓera bai taɓa ko zangarniya ɗaya ba fa?"

"Na ba ka Farar Ƙafa, na kira ka Kumandan a gaban kowa, har guɗa zan yi maka."

Kalmar Kumandan ce ta kashe shi. "Da amalanken," ya ce. Mai gari ya zama shaida, aka shafa fatiha. Sai a lokacin Furera ta yarda aka saka dammanta, su ne na ƙarshe, can sama daf da jinka.

"Yanzu kawo kyanwar ta shiga horo."

"Kyanwata abin da na ci shi take ci, kuma ni dafaffe nake ci."

"Shi ke nan," in ji Na Allah. "Ta zauna farar hula."

Tara kyanwoyin bai yi wuya ba, don kowane gida murna yake a rage masa baki. Kama su ne aiki. Na Allah ya bi gida gida da buhu, ya dawo fuska duk yakushi, kunne na jini. A'i ta dube shi ta riƙe haɓa.

"Mai gida, da wa aka yi?"

"Tabon yaƙi ne. Ke ba za ki gane ba."

"Tun ba a ga ɓeran ba?"

Ya kewaye rumbun da dangar kara, ya ce sunan wurin bariki. Ya raba muƙamai. Baƙin muzurun Mai gari ya zama Kaftin. Kyanwar liman ta zama Sarzan. Wani tsohon muzuru mai ido ɗaya ya samu Kafaran, saboda, in ji Na Allah, da gani ya taɓa zuwa fagen fama.

Sannan ya ɗaura wa Auraki amalanke ya nufi daji neman abincin soja. Ya iske Attahiru makiyayi zaune a gindin wata aduwa, yana kallon saniyarsa da ta faɗi ta kumbura.

"Sannu da haƙuri, Attahiru. Ka ba ni ita?"

"Ka yi me da ita? Mushe ce. Ungulu ma ta zagaya ta sau biyu tana shawara."

"Ba mutum zai ci ba. Zakuna gare ni."

Attahiru ya ja rawani ya rufe hanci. "Ɗauka. Amma hantar nan dubi yadda ta yi fari fari. Ni ko karena ban ba shi ba."

"Shi ya sa har yau yake kare," in ji Na Allah.

Yadda ya shigo gari da kayan cikin nan, ba a taɓa yi wa ango irin rakiyar ba. Ƙudaje a sama kamar hadari, karnukan unguwa uku a baya, ungulaye na bin sa daga kan danga zuwa kan danga. Mata suka kwashe shanya. Liman ya rufe ƙofar masallaci. Yana zuba naman a bariki, karnuka suka tura danga suka faɗa. Runduna ta watse. Kaftin da Sarzan da sauran manyan hafsoshi suka haye kan rumbun, suka maƙale a jinka suna tsuwa, suka yi ta yakushi har suka buɗe mata ɓaraka wadda ɗan akuya zai shiga.

Mai gari ya iso yana haki. "Na Allah, mene ne haka?"

"Horon hawa ne, ranka ya daɗe. Ka ga saurin?"

Ya toshe ɓarakar da tsohon buhu, ya kori karnuka, kyanwoyi suka sauko. Gaskiya sun ci. Yunwa ta daɗe tare da su, suka faɗa wa hantar da hanjin suna gurnani. Na Allah ya kira kowa ya zo ya ji.

"Kun ji muryar? Ta fara canzawa!"

Da suka ƙoshi sai suka baje a inuwar rumbu. Wani ɓera ya fito, ya tsallake wutsiyar Kaftin, ya tsaya ya share gashin baki, ya wuce. Kaftin ya buɗe ido ɗaya ya mayar.

Gajere ya ce, "Taubashi, ga abokin gaba ya wuce."

"Nazarinsa yake. Babban soja ba ya faɗa wa ɗan aike, sai ya san inda manyan suke."

Haka aka yi ta yi. Shanu ba su daina faɗuwa ba, Na Allah bai daina kwasowa ba. Bazara ta yi tsanani, bariki ya ɗauki wani wari wanda ko akuya sai ta sake hanya. Sannu a hankali runduna ta fara sake kama, amma ba kamar zaki ba. Ciki ya kumbura, haƙarƙari ya fito, gashi ya dushe yana zuba. Wannan ta yi amai, waccan ta yi zawo. Kafaran ya daina tashi sai an ɗaga shi.

Mai gari ya zo duba muzurunsa, ya tsaya yana salati. "Wannan ai tulu ne mai ƙafafu."

"Ƙirji ne ke taruwa, Allah ya ja zamaninka. Daga ƙasa yake farawa, sannan ya hau."

"Gashin fa?"

"Na kyanwa ne ke zubewa. Geza na tafe."

Suna cikin haka Sarzan ta zauna ta ɗaga ƙafafun baya, ta ja gindi a ƙasa tun daga bakin danga har gindin rumbu. Biyu suka bi bayanta. Na Allah ya buga ƙirji.

"Rarrafen soja! Wallahi ban ma koya musu ba. A Yamai haka ake bi ta ƙarƙashin waya."

"A Yamai da gindi ake rarrafe?" in ji Gajere.

"Kai da ba ka wuce Maijirgi ba, ina ka san da me ake yi?"

Furera kuwa kowace safiya sai ta biyo ta wurin, Farar Ƙafa na biye da ita, jiki sumul, ido tar. Ba ta shiga bariki, kuma ba ta barin kyanwar ta shiga. Sai ta tsaya daga waje ta kasa kunne.

"Na Allah, wa ke sussuka a cikin rumbu?"

"Iri ne ke motsi, Inna. Ya ji ƙamshin damina."

"To, madalla." Sai ta juya wajen Auraki, ta buɗe masa baki ta duba haƙora, ta ɗaga kofato, ta zaro ɗan ƙaiƙayi daga bakin zane ta ba shi. "Ka rage masa lodi. Na ga bayansa ya fara saɓulewa."

"Ina ruwanki da bayan jakina?"

"Yau dai babu."

Wannan "yau dai" ta fi komai tsaya wa Na Allah a rai. In ta tafi sai ya rungume wuyan Auraki ya ce masa kada ya kula ta. Ya so ya hau ya leƙa cikin rumbun, amma ya ga in aka gan shi kan tsani za a ce ya fara shakka. Sai ya ƙara wa soja nama.

Ranar kasuwa Gajere ya yanka wata ramammiyar saniya wadda ya sa wa wuƙa tana gab da tafiya da kanta. Na Allah ya zo yana ba mutane labarin ƙarfin ɗanyen nama. Gajere ya yanko tsoka, ya soka a bakin wuƙa, ya miƙa masa.

"In haka ne, kai me ya hana ka? Ko kumandan ba ya cin abincin sojansa?"

Mutane suka taru. Na Allah ya dubi tsokar, tsokar ta dube shi. Ya ce bisimilla ya jefa baki, ya tauna, ya haɗiye, idonsa na ruwa.

"Taubashi, wasa fa nake!"

"Ƙaro hanta," in ji Na Allah.

Bai kai gida ba cikinsa ya fara kiɗa. A'i ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin ya san hanyar bayan gari haka ba. Shi kuma ya ce tsohon jini ne ke fita, sabo na shiga.

Abin da ya kawo ƙarshen lamarin, Zara'u matar Mai gari ce ta gano shi. Ta zo ganin muzurun gidansu, ta duƙa, sai ta ga wasu 'yan farare farare a gindin wutsiyarsa da inda ya kwanta. Ta duba sauran, duk haka. Ta dafe ƙirji.

"Shinkafa! Jama'a, shinkafa!"

Mata suka sheƙo. Garin da rabonsa da ganin shinkafa tun sallar bara, ga ta yau a wutsiyar kyanwa. Aka kewaye Na Allah.

"Kai, mu muna cin dusa, kai kana ba kyanwa shinkafa har tana kashinta ɗanya?"

To, da mutum ne mai hankali, da sai ya ce wallahi bai san ko mene ne ba. Shi ma bai sani ba ɗin. Amma Na Allah ya ga mata sun buɗe baki suna kallonsa, irin kallon da tun dawowarsa daga Yamai yake nema. Ya ɗaga kai.

"Da me kuke zato? Soja yana cin dusa ne?"

A'i ta ja rigarsa. "Mai gida, wace shinkafa? A gidan wa?"

"Sirrin soja ne. Ke yi shiru."

Magana ta hau jaki ta tafi Maijirgi, daga can ta hau mota zuwa Tasawa. Kafin ta isa ta yi ƙiba: wai akwai wani mutum a Garin Danda da ya ɓoye buhunan shinkafar taimako, mutane na mutuwa, shi yana dafa wa kyanwoyi. A zamanin nan kuwa in kana son soja su zo gidanka ba gayyata, to a ce ka taɓa abincin taimako.

Da hantsi sai ga ƙura. Mota ta tsaya a ƙofar Mai gari, jandarmomi suka diro da bindigoginsu, Kumandan na Tasawa ya fito da kansa, fuska ba annuri. Tare da shi akwai Iliyasu likitan dabbobi, wanda ke zagayen duba shanun da ke mutuwa, aka ɗauko shi a hanya. Mai gari ya rasa inda zai sa hannunsa.

Na Allah da ya ji, sai ya yi tsalle. "Na gaya muku! Labari ya kai sama. Duba runduna ya zo yi."

Ya zura wata tsohuwar rigar kaki da ya saya a gwanjo, ya yayyaga jan ƙyalle ya ɗaura wa kowace kyanwa a wuya. Da yake ba mai iya doguwar tafiya, ɗaya ɗaya ya ɗauko su ya jera kan tabarma a gaban rumbu. Gari duk ya taru. Furera ta tsaya gefe, kusa da Auraki.

Kumandan ya iso, ya toshe hanci. "Kai ne Na Allah?"

Na Allah ya ƙame ya sara. "Wi, mon kumandan!" Ya juya ga tabarma ya daka tsawa da Faransancin soja, wai su ƙame. "Gardabu!"

Sarzan ta faɗi gefe. Kafaran bai ma ji ba. Kaftin ne kaɗai ya miƙe, Na Allah ya ce, "Ka gani, ranka ya daɗe?" Muzurun ya tako a hankali har gaban Kumandan, ya miƙa wuya, ya yi kakari, ya amayo masa a kan takalmi. Cikin aman akwai wata doguwar aba fara kamar taliya, kuma taliyar tana motsi.

Jama'a suka ja da baya.

"Ina shinkafar?" in ji Kumandan.

"Wace... wato, mon kumandan..."

"An ce kana ba kyanwoyi shinkafa. Kai ka faɗa da bakinka ko ba kai ba?"

"Na faɗa. Wato ban faɗa ba. Wato ita shinkafar, daga cikinsu take fitowa."

Ya ɗaga wutsiyar Sarzan ya nuna. Iliyasu ya duƙa, ya sa tsinke ya ɗauko ƙwaya ɗaya, ya ɗora a kan ganye. Ƙwayar ta miƙe, ta lanƙwashe, ta fara tafiya. Zara'u ta yi ƙara ta tofar da yawu.

"Mon kumandan, wannan ba shinkafa ba ce," in ji Iliyasu. "Gutsattsarin tsutsar ciki ne. Cikinsu cike yake. Kai Na Allah, me kake ba su?"

"Ɗanyen nama. Irin na zaki."

"Na ina?"

"Na... daji."

"Mushe," in ji Gajere daga cikin taro. "Da hanji da hanta. Shi ma ya ci ɗanya a rumfata, kowa shaida ne."

Iliyasu ya girgiza kai. "Ɗanyen nama da kayan ciki su ne jirgin tsutsa da cuta, balle na dabbar da ta mutu da kanta. Ga ƙuma ta cika su, ita ma tana kawo tata. Abin da suka ci tsutsa ke cinyewa, shi ya sa ciki ya kumbura jiki ya rame. Jan gindin nan ƙaiƙayi ne. Da wuta ta taɓa naman, da ba a kai nan ba. A tone rami a binne ƙazantar wurin nan, kada a bar yara su yi wasa a nan, kowa ya wanke hannu da sabulu ko toka. Kai kuma," ya dubi Na Allah, "sai ka ga likitan mutane."

"Ni lafiyata ƙa..." Cikin Na Allah ya yi wata irin ƙugi wadda har jandarman da ke bayan mota ya waiwayo. Hannunsa na sama yana sarawa, ɗayan ya dafe mara. "Mon kumandan, a ba ni izini."

Bai jira izinin ba. Ya zagaya bayan danga da gudu, rigar kaki na tashi.

Kafin ya dawo Kumandan ya ce a buɗe rumbu. Gajere ya kafa tsani ya hau, ya zare tsohon buhun nan da aka toshe ɓaraka da shi, ya ɗaga jinka. Wayyo! Kamar an kwance bakin rafi. Ɓeraye suka zubo ta kowane gefe, manya da ƙanana, ƙosassu, suna sheƙi. Suka bi ta kan tabarma, ta kan Kaftin, ta kan Sarzan. Wani ya tsaya a kan cikin Kafaran ya huta. Wani ya shige ƙafar wandon jandarma, bawan Allah ya jefar da bindiga ya kama rawa. Mata na ihu, Mai gari ya haye turmi.

Duk rundunar nan ba wadda ta ɗaga ko kunne.

Sai wani abu ya wuce fiu daga gefen zanen Furera. Kafin a ƙifta ido Farar Ƙafa ta danne ɗaya, ta karya masa wuya, ta ajiye, ta bi na biyu. Na Allah ya dawo yana ɗaure mazagi daidai lokacin da ta ajiye na uku a gaban Kumandan.

Gajere ya leƙa rumbun ya daɗe. "Na ƙasa da sauran rai. Amma dammai na sama, na Inna Furera, sai totuwa da ƙaiƙayi."

Furera ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta kwance igiyar Auraki daga turke ta naɗe a hannunta. Na Allah ya buɗe baki, ya dubi Mai gari, Mai gari ya dubi sama.

Kumandan ya goge takalmi da ƙasa. Gashin bakinsa na rawa, ba a san fushi ba ne ko dariya yake dannewa. "Ku sa shi a mota. Ya ɓata irin jama'a, ya ɓata mini sansin da motar nan ta sha."

"Ranka ya daɗe," in ji Furera, "in ka kulle shi, wa zai kora mini jakina? Ni ban iya amalanke ba."

Kumandan ya dube ta, ya dubi kyanwar. "Taki ce wannan? To daga yau ita ce mai gadin rumbun nan. Oda ce."

"Allah ya ba ka nasara, ai farar hula ce. Ba ta san oda ba, sai ciniki."

Jandarmomi suka sunkuyar da kai. Mai gari ya fara karanta duk addu'ar da ya sani. Kumandan kuwa sai dariyar ta ƙwace masa.

"Faɗi, Inna."

"Buhun iri mai saurin nuna, madadin nawa."

"Rabi."

"Rabin gona zan shuka? Cikakke. Da maganin waɗannan bayin Allah da ke kwance, don ba su suka kai kansu soja ba."

"Shi ke nan?"

"Da buhun kansa. Kada a juye mini a ce a mayar."

Aka ba ta duka.

Washegari aka jera kyanwoyi cikin kwanduna a kan amalanke, za a kai su wurin Iliyasu a Tasawa, shi kuma Na Allah a wuce da shi gidan likita. Kafaran mai ido ɗaya dai bai ga tafiyar ba, an binne shi da jan ƙyallensa. Furera ta hau gaba ta zauna a inda Na Allah ya saba zama, ta gyara lulluɓi. Shi yana ƙasa, riƙe da igiya, yana tafe yana tsayawa, saboda cikin bai gama da shi ba. Sharaɗin da ta gindaya masa: ya ɗebo mata ruwa, ya kai mata taki gona, abin da ya rage na yini ya nemi na tuwon A'i. Kuma duk kyanwar da ta warke, shi zai riƙa dafa mata abinci har ta mayar da jiki.

Gajere ya raka su bakin gari. "Taubashi, a gaida zakin Yamai."

Na Allah ya tsaya cak. Ya dubi kyanwoyin da ke baje cikin kwanduna, ido a lumshe, ƙuda na yawo a kansu. Fuskarsa ta washe.

"Kai, tsaya! Yanzu na tuna. Wallahi shi ma haka na same shi. Tun safe nake tsaye bakin kejin nan har la'asar, yana kwance, ƙuda na bin sa, ko wutsiya bai ɗaga ba." Ya juya ga mutanen da suka fito kallo, ya ɗaga murya. "Kun gani? Ashe aikina ya yi! Sun zama zakunan, ku ne ba ku san zaki ba!"

Furera ta miƙo masa sanda daga kan amalanke.

"Kumandan, kora mini jakina. A hankali, bayansa na ciwo."